Kogin Neja a cikin kwamfuta: yadda ake lissafin abin da sauyin yanayi zai yi wa ruwa

A watan Yunin shekarar 1985 Kogin Neja ya tsaya cak a birnin Yamai, ruwansa ya tsinke ya koma 'yan kududdufai a tsakanin yashi. Shekara 35 bayan haka, a farkon watan Satumbar 2020, kogin nan dai ya cika ya batse a daidai wannan wuri, ma'aunin ruwa ya kai kusan mita 7 alhali a mita 6.2 hukuma ke shelar babban haɗari, ruwa ya ci ƙarfin shingen ƙasar da aka yi masa, ya malale unguwannin bakin kogi irin su Lamorde da Saga. Duk wanda aka ɗora wa alhakin gina gada ko madatsar ruwa, ko raba ruwan noman rani, ko ba da izinin gini a fadama, dole ya tambayi kansa wanne daga cikin fuskokin kogin nan biyu za a fi yawan gani nan da shekara 30 ko 50. Masana ruwa suna neman amsar ta hanyar gina samfurin kogin a cikin kwamfuta, wato tsarin lissafi mai kwaikwayon halayensa, sannan su ba shi irin yanayin da ake tsammanin zai zo, su ga yadda zai kasance.

Tushen aikin lissafin shiga da fita ne, irin wanda kowane ɗan kasuwa ya sani. Abin da ke shiga shi ne ruwan saman da ya sauka a kwarin kogi, kuma da kwarin kogi ana nufin dukkan ƙasar da ruwanta ke gangarawa zuwa kogin, wanda a wurin Neja ya kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 2, daga tsaunukan Gini zuwa bakin teku a kudancin Najeriya. Abin da ke fita kuwa kashi-kashi ne. Wani rana ce ke shanye shi ya koma sama a matsayin tururi, wani tsirrai ne ke zuƙa ta saiwa su fitar ta ganye, wani yana nutsewa ya tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyi ke samu, ragowar kuma ita ce ke gudu ta korama zuwa gulbi, gulbi zuwa kogi. Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in kilomita 1 lita miliyan 1 ce, don haka ƙaramin kuskure wajen auna ruwan sama yakan zama babban giɓi idan aka yaɗa shi a kan ƙasa mai faɗi haka.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne rabon kogi ragowa ne, kuma a ƙasashen zafi ragowar ƙarama ce ƙwarai. A ɗauki misali don fahimta kawai: wuri ne da ke samun milimita 800 na ruwan sama a shekara, rana da tsirrai su kwashe 720, kogi ya samu 80. Idan damina ta ragu da kashi 10 cikin 100 ta koma 720, rana da tsirrai ba za su sassauta da yawa ba, mai yiwuwa su kwashe 670, sai kogi ya tashi da 50. Ruwan sama ya ragu da kashi 10, amma kogi ya yi asarar fiye da sulusin ruwansa. Haka ta faru a zahiri lokacin farin shekarun 1970 da 1980, inda kogunan da ke fitowa daga ƙasashen dausayi na kudu, musamman Bani wanda ke haɗuwa da Neja a Mopti ta Mali, suka ragu fiye da yadda ruwan sama ya ragu nesa ba kusa ba, domin shekarun fari da suka yi ta biyo juna sun ƙarar da ajiyar ƙarƙashin ƙasa da ke ciyar da su da rani.

Mai gina samfuri yakan yanka kwarin kogi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ya ɗauke ta kamar randuna ne da aka ɗora wata kan wata, kowacce da 'yar ɓula a gindi. Randar sama ita ce fuskar ƙasa, wadda ke karɓar ruwan sama, in ta cika ta tumbatsa zuwa korama, ta tsakiya ita ce damshin da saiwa ke sha, ta ƙasa kuma ajiyar da ke tsatsowa a hankali har bayan ɗaukewar damina. Girman kowace randa da faɗin ɓularta su ne lambobin da ake saitawa. Akwai samfura da dama da aka gina bisa wannan tunani, kamar HBV da hukumar yanayi da ruwa ta Suwidin ta ƙirƙiro a shekarun 1970, da dangin GR na Faransa masu lambobi kaɗan, da SWAT na Amurka wanda ke bin irin ƙasa da irin shuka da gangaren kowane yanki dalla-dalla. Yawan lambobi ba shi ne inganci ba, domin samfuri mai lambobi 30 a wurin da ma'aunin ruwa ɗaya ne tak yana iya ba da amsa daidai bisa dalilin da ba daidai ba.

Saitin ana yin sa ne da tarihin kogin. A ba samfuri ruwan sama da zafin wasu shekaru da suka wuce, a yi ta murɗa lambobinsa har gudun da yake fitarwa ya yi kama da wanda aka auna a kogi. Daga nan sai a jarraba shi da wasu shekarun daban da bai taɓa gani ba, ba tare da an sake taɓa komai ba, kuma wannan jarrabawa ta biyu ita ce ke nuna ko samfurin ya fahimci kogin ko haddace shi kawai ya yi.

A nan ne duk wannan ilimi mai zurfi yake komawa hannun wani mutum da ba a cika ambatonsa ba. A bakin kogi akwai allunan ƙarfe masu zanen santimita da aka kafa hawa-hawa daga gaɓa zuwa cikin ruwa, kuma kowace safiya mai karanta ma'auni yakan gangara, wani lokaci cikin laka har gwiwa, ya share ciyawar da ta maƙale wa allo, ya jira igiyar ruwan da kwale-kwale ya tayar ta lafa, ya duba inda ruwa ya tsaya, ya rubuta a littafi. Da irin wannan rubutu ne aka tara tarihin Neja a Kulikoro ta Mali tun 1907, da na Yamai tun 1929. Sai dai tsayin ruwa ba shi ne yawan ruwa ba. Dole lokaci-lokaci ma'aikata su shiga jirgi da na'ura su auna saurin ruwa da zurfinsa daga gaɓa zuwa gaɓa, su fitar da jadawalin da ke cewa tsayi kaza daidai yake da kubik mita kaza a daƙiƙa, kuma idan yashi ya cike gadon kogi, kamar yadda yake yi a Yamai, jadawalin jiya ya daina aiki yau. Wurare da yawa a Afirka ta Yamma sun yi shekaru babu mai karanta ma'auni, wasu saboda rashin kuɗi, wasu kuma a yanzu saboda rashin tsaro. Taurarin ɗan'adam sun rage wannan giɓi, akwai taskar CHIRPS mai ƙiyasin ruwan sama tun daga 1981, da GRACE da aka harba a 2002 wanda har zuwa 2017 ya riƙa gano ƙaruwa ko raguwar ruwan da ƙasa ke riƙe da shi, da SWOT da aka harba a Disambar 2022 mai auna tsayin fuskar koguna da tafkuna, amma kowannensu sai an gwada shi da awon ƙasa kafin a amince da shi.

Rabin aikin ke nan. Ɗaya rabin shi ne samo ruwan sama da zafin gobe, kuma wannan yana fitowa ne daga manyan samfuran yanayin duniya, irin waɗanda Syukuro Manabe da Klaus Hasselmann suka samu kyautar Nobel a 2021 saboda aza harsashinsu. Waɗannan suna raba sararin samaniya da teku gida-gida, suna lissafa tafiyar iska da zafi da danshi bisa dokokin kimiyyar lissafi da na halitta. Sun riga sun nuna amfaninsu a kan yankinmu. A 1975 masanin yanayi Jule Charney ya kawo ra'ayin cewa tsiraita ƙasa ta hanyar yawan kiwo na iya korar ruwan sama a Sahel, aka daɗe ana ɗora wa makiyaya da manoma laifin fari, har sai da gwaje-gwajen samfura, ciki har da aikin Alessandra Giannini da abokan aikinta a 2003, suka nuna cewa sauyin zafin tekuna shi ne babban abin da ya juya daminar Sahel. Ina ganin wannan kaɗai ya isa ya sa a girmama sana'ar, domin ta wanke talakawan da aka zarga da abin da ya fi ƙarfinsu.

Amma samfuran duniya suna da rauni a daidai inda muka fi bukatarsu. Kowane gida a cikinsu yakan kai kilomita 100 ko fiye a kowace kusurwa, alhali hadarin da ke kawo mana mafi yawan ruwa yana tasowa ne daga gabas da guguwa da tsawa, ya zubar da ruwan mako guda cikin awa biyu a wani ƙauye, ƙauyen da ke maƙwabtaka da shi ko ɗigo bai samu ba. Samfuri mai manyan gidaje ba ya ganin irin wannan hadari, sai dai ya ƙiyasta shi, kuma yawanci yakan mayar da shi yayyafi mai yawan kwanaki. Ga kogi kuwa bambancin yayyafi da mamako shi ne komai, tunda milimita 60 da suka sauka cikin kwana 6 ƙasa za ta shanye su, amma in suka sauka cikin awa 1 korama ce za ta kwashe. Saboda haka ake tace sakamakon ta samfuran yanki masu ƙananan gidaje, irin na shirin CORDEX masu kilomita 50 ko 25, sannan a gyara karkatarsu ta hanyar kwatanta su da awon tashoshin ƙasa. Hukumar yanayi ta Birtaniya ta gwada samfuri mai gidaje na kimanin kilomita 4.5 a kan nahiyar Afirka baki ɗaya, wanda ke iya haifar da hadarin da kansa, sai ya nuna ƙaruwar mamakon ruwa fiye da abin da samfura masu manyan gidaje ke nunawa.

Kafin duk wannan ma sai an zaɓi labarin da za a bi game da hayaƙin da duniya za ta ci gaba da fitarwa, ko za a rage shi da gaske, ko za a yi jan ƙafa, ko za a ƙara. Wannan zaɓi na siyasa da tattalin arziki ne, babu kwamfutar da za ta yanke shi. Don haka mai bincike na ƙwarai ba ya kawo lamba ɗaya. Yakan gudanar da samfuran yanayi 10 ko 20 a ƙarƙashin labarai 2 ko 3, ya zuba kowanne a samfurin kogi, ya kawo dukkan amsoshin. A kan zafi bakinsu ɗaya ne: rahoton 2021 na IPCC, kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ya ce duniya ta riga ta ɗumama da kimanin digiri 1.1 a kan yadda take a ƙarshen ƙarni na 19, kuma duk ƙarin digiri 1 yana ba iska damar ɗaukar ƙarin danshi da kimanin kashi 7 cikin 100, abin da ke ƙara ƙishirwar iska a lokacin rani ya kuma ƙara nauyin hadari a lokacin damina. A kan jimillar ruwan sama kuwa sun rabu. Mafi yawansu suna karkata ga ƙaruwar ruwa a tsakiya da gabashin Sahel, da raguwarsa a can yamma wajen Senegal, tsaunukan Gini kuma, inda Neja ke samun asalin ruwansa, suna kusa da inda ra'ayoyin biyu suka yi karo. Shi ya sa za a ga wani bincike ya ce kogin zai ƙaru, wani ya ce zai ragu, kuma kowannensu ya yi aikinsa tsakani da Allah.

Akwai kuma wani al'amari da ya fi wannan ɗaure kai, wanda masana ke kira abin mamakin Sahel. A tsakiyar shekarun fari, lokacin da ruwan sama ya ragu ƙwarai, sai aka lura cewa wasu kogunan Sahel, kamar Nakambe a Burkina Faso, suna kawo ruwa fiye da yadda suke kawowa a shekarun 1950 masu albarkar damina. Ruwa ba ya tsami banza, kuma duk wanda ya taɓa fakewa a gindin bishiya a bakin fako lokacin da hadari ya sauko ya ga dalilin da idonsa. A gefen da sabara da geza da busasshiyar ciyawa suka rufe ƙasa, ruwa yana sauka a hankali, ya tsaya, ya nutse ta ramukan gara da hanyoyin saiwa. A kan fako kuwa ɗigon ruwa yana dukan ƙasa tsirara, ya niƙe fuskarta ta zama ɓawo mai santsi kamar daɓen ɗaki, kafin minti 10 ka ga jan ruwa yana sheƙa gudu, yana haɗuwa zare-zare, yana yankar gefen gona yana buɗe kwazazzabo. Fari ya kashe itatuwa, saran itace da faɗaɗa gonaki da rage hutun ƙasa suka ƙarasa, sai rabon da ƙasa ke miƙa wa korama daga kowane ruwan sama ya ƙaru. A yankin da ke gabashin Yamai, inda koramu ba sa kai wa kogi sai dai su ƙare a tafkuna, wannan ruwa ya riƙa taruwa yana nutsewa, har ruwan rijiyoyi ya yi ta hawa shekara da shekaru ana tsakiyar kukan fari.

Wannan ya bayyana abin da ya sami Yamai. Kogin yana cika sau biyu a can. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda rassan Gorouol da Dargol da Sirba ke kawowa daga ɓangaren Burkina Faso ɗauke da jar ƙasa, akwai kuma baƙin ruwa na Gini, wanda sai ya ratsa babbar fadamar tsakiyar Mali, inda rana ke shanye kaso mai tsoka daga cikinsa, kafin ya iso wajen Disamba da Janairu. A da baƙin ruwa ne babba, amma a shekarun baya-bayan nan jan ruwa ya sha gabansa, kuma shi ne ya kawo ambaliyar 2012 da ta 2020. A kan lalacewar ƙasa sai ga ƙarin ƙarfin hadari, domin binciken Christopher Taylor da abokan aikinsa da aka buga a 2017 ya nuna cewa mafi tsananin haduran Sahel sun ninka sau 3 tun daga 1982.

Darasin da ke nan ga mai samfuri mai nauyi ne. Lambobin da ya saita da shekarun 1950 da 1960 suna siffanta ƙasar da ba ta nan yanzu, kuma samfurin da aka saita haka, in aka ba shi ruwan saman shekarun fari, zai ce Sirba ta ragu alhali ƙaruwa ta yi. Idan samfuri ya kasa bin sauyin da ya riga ya faru, akwai dalilin yin taka-tsantsan da abin da zai faɗa game da 2050. A ganina duk rahoton da aka kawo wa hukuma kan makomar wani kogi, tambayar farko da ya kamata a yi wa masu shi ita ce ko sun saita samfurinsu da shekarun damshi sun jarraba shi da na fari, sannan suka juya, tambaya ta biyu kuma me suka ɗauka game da gonaki da dazuzzuka da garuruwan gobe. Sauyin ƙasa ma ba hanya ɗaya yake bi ba, tunda manoman Maraɗi da Damagaram da suka riƙa barin kututturan itatuwa suna tofowa a gonakinsu tun daga shekarun 1980 sun dawo da itatuwa a fili mai faɗin gaske.

Hannun mutum yana shiga ta wata ƙofar kuma, wato madatsu da noman rani. Madatsar Selinge a kan reshen Sankarani da ta Markala mai ba gonakin shinkafar Ofis du Nijar da ke Mali ruwa sun daɗe suna sauya abin da ke isa ƙasashen da ke ƙasa da Mali, an fara gina madatsar Kandaji a yankin Tilaberi sama da Yamai, wutar Kainji da Jebba kuma tana dogara ne da abin da ya rage. A kwarin Haɗejiya da Jama'are lamarin ya fi fitowa fili: tun da aka gama Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗejiya da Nguru ta canza hali, ruwan da ake saki duk tsawon shekara ya ba kacala damar toshe hanyoyin ruwa, abin da ke wucewa ta Gashuwa zuwa Komadugu Yobe da gonakin tattasan Diffa ya koma abin da ake yankewa a ofis gwargwadon yadda ake yankewa a sama. A irin wannan kwari sai an ɗora samfurin rabon ruwa, irin su WEAP, a kan samfurin kogi, kuma sau da yawa za a tarar ƙaruwar jama'ar Kano da faɗaɗa gonakin Kadawa za su taɓa ruwan cikin shekaru 20 masu zuwa kamar yadda sauyin yanayi zai taɓa shi, ko fiye.

Ya kamata a bambanta wannan dogon hange da hasashen damina ɗaya, irin wanda cibiyar AGRHYMET da ke Yamai da NIHSA, hukumar sa ido kan ruwan koguna ta Najeriya, ke fitarwa kafin saukar ruwa, wanda ake iya gwada gaskiyarsa cikin 'yan watanni. Akwai kuma amfani na uku, wato auna hannun ɗumamar duniya a cikin abin da ya riga ya faru. Bayan ambaliyar 2022 da ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta gudanar da samfura a duniya mai hayaƙin masana'antu da duniyar da babu shi, ta ce ɗumamar ta sa irin wannan damina mai nauyi a yankin Tafkin Chadi ta fi yiwuwa da kusan ninki 80.

Ga mai gina madatsa ko gada, hanyar da na fi gamsuwa da ita ita ce wadda ke juya tambayar. Maimakon a jira samfuran yanayi su haɗa baki, sai a fara da aikin kansa, a ɗauki samfurin kogin a yi ta matsa masa: a rage ruwan sama da kashi 10, da 20, a ƙara zafi da digiri 2, a jera shekarun fari 5 a jere irin na farkon shekarun 1980, a kawo mamakon da ya zarce na 2020, har a gano daidai inda tafkin madatsa zai kasa ba gari ruwan sha ko inda mafitar ambaliya za ta kasa ɗauka. Bayan haka ne za a duba samfuran yanayi a ga nawa daga cikinsu ke kai kogin wannan iyaka. In kaɗan ne kuma gyaran mai tsada ne, ana iya barin gurbin faɗaɗawa nan gaba, in kuwa da yawa ne, a faɗaɗa mafitar tun yanzu. Fashewar madatsar Alau a Satumbar 2024, wadda ta nutsar da babban ɓangare na Maiduguri, ta nuna cewa tsofaffin madatsu ma suna bukatar wannan gwaji, domin an tsara su ne da tarihin ruwan da ya gabaci ƙaruwar haduran yanzu. Ƙasashe 9 na Hukumar Kwarin Neja suna da hedikwata ɗaya a Yamai, kuma abin da samfurin Kainji zai faɗa game da baƙin ruwan Janairu yana rataye ne a kan ko an karanta ma'auni a Kulikoro da Mopti da Ansongo na ƙasar Mali a watannin da suka gabata, an kuma aiko da lambar a kan lokaci.